Me ya haɗa darasin bayoloji na SS1 da kemis ɗin unguwarku?

Yau aji za mu koma, kan wani darasi da ɗalibai ke haddacewa saboda WAEC da NECO da JAMB, su fito daga ɗakin jarrabawa su watsar da shi a bakin ƙofa: bambancin furokariyot da yukariyot. Ku tsaya, kar wanda ya gudu. Wannan darasin shi ne ke bayanin dalilin da ya sa kafso ɗin da ake sha barkatai ba ya taɓa zazzaɓin cizon sauro.

Duk wani abu mai rai, daga ni da ku har zuwa kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadejia zuwa Nguru, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda a aji ake ce wa sel. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya raɗa musu wannan suna a 1665 bayan ya leƙa ɓawon itace da madubin ƙara girma. Daga baya masana suka gano cewa ƙwayoyin nan iri biyu ne. Kalmomin daga Girkanci suke: furokariyot na nufin "kafin ƙwallo", yukariyot kuma "mai ƙwallo na gaske". Ƙwallon da ake magana shi ne niyukiliyas, wato cibiyar da ke ajiye DNA, kundin gadon halitta.

Ga misalin da zai zauna muku a kai. Furokariyot kamar rumfar mai shayi ce: ɗaki ɗaya, risho da burodi da akwatin kuɗi duk wuri guda, babu katanga a tsakani. DNA ɗinta a zagaye yake kamar zobe, yana zaune haka nan babu rufi. Yukariyot kuwa gidan gandu ne, mai zaure da turaka da madafi da rumbu. Turakar ita ce niyukiliyas. Madafin shi ne maitokondiriya, inda ake sarrafa abinci ya zama ƙarfi. A tsirrai kamar shinkafa da riɗi akwai ƙarin ɗaki, kulorofilas, inda ake haɗa abinci da hasken rana. A girma ma ba ɗaya ba: yawancin bakteriya tsawonsu maikuromita 1 zuwa 5 ne, yawancin yukariyot kuma 10 zuwa 100.

Su waye a kowane ɓangare? Furokariyot su ne bakteriya, da wasu 'yan uwansu da ake kira akiya, waɗanda Carl Woese na Amurka ya ware daban a 1977. Yukariyot kuma su ne mutane, dabbobi, tsirrai, naman gwari da yis, da ƙananan halittu irin su ƙwayar maleriya.

Kuma kar ku ɗauka duk bakteriya mugaye ne. Su ne ke mai da madara ta zama nonon da muke dama fura da shi. Su ne ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. In ka tuge gyaɗa ko wake ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa, bakteriya ne a ciki suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shukar, shi ya sa manoma ke cewa wake na gyara gona. Amma yis ɗin da ke kumbura burodi yukariyot ne, a tsarin gini ya fi kusa da kai a kan bakteriya.

To, yanzu mu zo inda gizo ke saƙa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a ƙasar Hadejia ya san abin da ke biyo bayan ruwa: rijiyoyi su gauraya da masai, sauro ya yi yawa. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kwalara da taifot, bakteriya ke kawo su. Maleriya kuwa yukariyot ce, haka ma tsutsar tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka a gulbi.

Yawancin bakteriya suna da wata katanga ta musamman a bayan jikinsu. Fenisilin, da Alexander Fleming ya gano a 1928, da danginsa irin su Ampiclox, aikinsu hana gina wannan katangar ne, sai ƙwayar ta fashe. Ƙwayoyin jikinka ba su da wannan katanga, shi ya sa maganin ba ya rushe su. Ita ma ƙwayar maleriya ba ta da ita. Ka gane? Ko kwali nawa ka shanye, tana nan tana cin jininka. Mura kuma bairos ce ke kawo ta, shi ko sel ba ne, ba ya cikin ɓangarorin biyu.

Ɓarnar ba ta tsaya a asarar kuɗi ba. Bakteriya irin E. coli, in ta samu wuri mai daɗi, tana rabuwa biyu duk minti 20. Lissafa: cikin awa 7, ɗaya ta haura miliyan 2. Duk sanda ka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, ko ka yanke a kwana biyu don ka ji sauƙi, raunana ne ke mutuwa, masu taurin kai su hayayyafa. Har miƙa wa juna wannan taurin kan suke yi ta wasu ƙananan zobban DNA da ake kira filasmid. Ranar da taifot na gaske ya kama ƙaninka, sai maganin ya ƙi ci.

'Yan jarrabawa, ga tarkuna biyu. Na ɗaya, duka ɓangarorin suna da raibozom, inda ake ƙera furotin, sai dai na bakteriya 70S ne, na yukariyot 80S. Na biyu, jar ƙwayar jinin mutum ba ta da niyukiliyas in ta girma, amma wannan bai mai da ita furokariyot ba, da shi ta fara ta zubar daga baya.

Malamanmu na sakandare, da 'yan uwa masu karatun kimiyya a Kafin Hausa da Dutse da ke dawowa hutu, don Allah mu koyar da wannan da nono da saiwar wake da fatar albasa, ba zane a allo kaɗai ba. Ku kuma matasa, in zazzaɓi ya zo a yi gwaji kafin a sha komai. In amai da gudawa ne, a fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take, a garzaya asibiti.

Ku tura wa ɗan SS1 ɗin gidanku, ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.