Zaɓen Hanyar Ɗaga Inji Daga Cikin A-kori-kura

A-kori-kura ita ce ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. Sunan nata harɗaɗɗiyar kalma ce da Bahaushe ya gina daga cikakkiyar jimla, domin zuwan wannan mota ne ya rage wa masu tura kura kasuwa. A Arewacin Nijeriya, ɗaya daga cikin waɗanda aka saba da su a da ita ce Peugeot 504, musamman bayan da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a shekarar 1975, daga baya kuma Toyota Hilux ta bazu. Da yake mota ce ta wahala, ba a daɗewa injinta bai nemi babban gyara ba, kamar sauya fistin da ringi ko wanke karanshaf. Irin wannan gyara ba ya yiwuwa yadda ya kamata sai an sauke injin ƙasa.

Nauyin injin irin wannan mota yakan kama daga kimanin kilo 150 zuwa 250, wato buhun siminti uku zuwa biyar, kuma na dizal ya fi na fetur nauyi. Sai dai ba nauyin kaɗai ne matsalar ba. Fitar da inji motsi biyu ne: na farko a ɗaga shi sama har ya wuce gaban motar, na biyu a raba shi da motar, ko dai injin ya matsa ko kuwa motar ta matsa. A-kori-kura tana da tsayi daga ƙasa, injinta kuma yana can ciki nesa da bamba, saboda haka duka motsin biyu sun fi wuya a kanta fiye da kan ƙaramar mota. Kowace hanya da makanikai ke bi tana sauƙaƙa ɗaya daga cikin motsin ne, ta bar ɗayan ga dabarar mai aiki, kuma yanayin wurin da motar take shi ne ke nuna wadda ta dace.

Hanya mafi daɗewa ita ce ta ƙarfin ƙato. A ɗaure injin da igiya a jikin gungume ko bututun ƙarfe, majiya ƙarfi su sa kafaɗa su ɗaga. Ba ta cin ko kwabo, amma ba ta da birki. Da zarar ƙafar mutum ɗaya ta zame, nauyin zai koma kan sauran ba shiri, kuma galibi yaran gareji ne a wurin. Wannan hanya ta larura ce kawai, kamar idan mota ta mutu a daji.

Abin da aka fi gani a garejojin bakin titi shi ne cen-bulok, wato na'urar nan mai sarƙa biyu da ƙugiya. Mutum yana jan siririyar sarƙa, haƙoran da ke cikin na'urar suna ninka ƙarfinsa, kakkaurar sarƙar tana hawa da kaya a hankali. Tana kuma da birki a ciki, wanda ke riƙe kayan a inda aka tsaya ko an saki hannu. Wadda aka rubuta wa tan 1 ta ishi kowane injin a-kori-kura. Abin lura a nan shi ne, ƙarfin cen-bulok ba ya wuce ƙarfin abin da aka rataye ta a jiki. Mai gareji a gindin bishiya yakan rataya a reshe, alhali ba kowace bishiya ce ta cancanta ba. Tsamiya tana da taurin itace, amma kuka, duk da girmanta, itacenta taushi gare shi. Ko a bishiya mai ƙwari ma, gwargwadon nisan maratayar daga gindin reshe, gwargwadon ƙaruwar haɗarin karyewa, kuma reshen da gara ta cinye cikinsa ba ya nuna alama daga waje. Saboda haka ya fi a sa mai walda ya haɗa maratayi na ƙarfe, mai ƙafa uku ko mai kama da ƙofa. Mai ƙafa uku yana bukatar a haɗe ƙafafunsa da sarƙa daga ƙasa don kada su buɗe idan nauyi ya hau.

Cen-bulok sama da ƙasa kawai ta sani. Don haka idan inji ya hau, motar ce za a tura baya, kuma wannan yana nufin dole ta kasance a kan tayoyinta, da fili a bayanta, da mutum a kan birki. Akwai kuma wani ƙaramin abu da sabon shiga kan manta. Kafin inji ya hau, sai ya matso gaba kaɗan ya zare daga sandar giyabos. Idan an tokare giyabos da jak daga ƙasa, motar ba za ta turu ba ke nan, sai dai a ɗaure giyabos ɗin a jikin motar tun da farko.

Hanya ta gaba ita ce ƙugiya mai jak, wadda ke da dogon hannu da ƙafafu biyu masu ƙananan tayoyi da ke shiga ƙarƙashin mota. Ita ce kaɗai ke yin motsin biyu da kanta, ta ɗaga inji sannan a jawo ta baya da shi, motar tana tsaye. Ta dace da motar da aka riga aka cire wa tayoyi, ko wurin da babu filin turawa. Amma lambar da aka rubuta a jikinta tana iya yaudarar mai saye. Hannun nata yana da ramuka da ake ƙara masa tsawo da su, kuma kowane ƙari yana rage abin da za ta iya ɗauka. Wadda ake kira mai tan 1, idan an miƙe hannun har ƙarshe, kilo 250 kawai take ɗauka. Mai tan 2 kuwa tana komawa rabin tan. Da yake injin a-kori-kura yana da nisa daga bamba, kusan kullum sai an miƙe hannun, wato ƙaramar tana aiki ne a bakin iyakarta. Mai tan 2 ce ta dace da wannan aiki. Bugu da ƙari, tayoyinta ba sa tafiya sai a kan daɓen siminti mai laushi kuma marar gangare. A kan yashi ko ƙasar da damina ta jiƙa, taya ɗaya za ta nutse, injin ya yi lilo, na'urar ta kife. Wannan ne dalilin da ya sa garejin da ba shi da daɓe ya fi amfana da cen-bulok, ko da mai shi yana da kuɗin sayen ɗayar.

Ana iya rage tsayin da ake bukata ta hanyar cire murfin inji da lagireto, a kuma sace iskar tayoyin gaba idan ba za a tura motar ba. Idan kuwa za a fitar da inji haɗe da giyabos, sai an karkata shi bakinsa sama, kuma hakan yana neman ƙarin tsayi sosai.

Ko wace hanya aka zaɓa, ɗaurin yana da tasa ƙa'ida. Ana maƙala sarƙa a kunnuwan ƙarfen da aka tanada a jikin injin, ba a bututun mai ko na iska ba. Idan sarƙar ta rabu biyu daga ƙugiya, faɗin kusurwar da ke tsakaninsu yana da tasiri. A digiri 60, kowane ɓangare yana ɗauke da kusan kashi 58 cikin ɗari na nauyin. A digiri 120 kuwa, kowanne yana ɗauke da nauyin injin gaba ɗaya. Gajeruwar sarƙa da aka ja ta kwanta, don neman tsayi, ita ce ke tsinke noti. Injin fetur na 504 kuma a kishingiɗe yake zaune, digiri 45, don haka yakan juya da zarar ya bar mazauninsa idan ba a daidaita ɗaurin ba. Ƙwararren bakanike yakan ɗaga shi kamar faɗin yatsu biyu, ya tsaya ya duba ko akwai waya ko bututun da aka manta, sannan ya ci gaba. Idan ya fito, a sauke shi nan da nan a kan tsohuwar taya ko katako, kada a kwance masa noti ko ɗaya yana rataye.