Cajin Motar Lantarki a Gida da Gano Inda Matsala Take

Wutar da ke shigowa gida daga taransifoma wuta ce mai kai-komo, tana juya alkibla gaba da baya sau 50 a kowace daƙiƙa. Batir kuwa ba ya karɓar wuta sai mai bin hanya ɗaya. Na'urar da ke juya waccan zuwa wannan tana cikin motar kanta. Akwatin da ake kafawa a bangon gareji, ko ɗan ƙullin da ke tsakiyar wayar caji, aikinsa gadi ne: ya tabbatar hanya lafiya take, sannan ya buɗe wa wuta ƙofa.

Kafin ya buɗe, sai sun yi magana da motar ta wata siririyar waya da ke cikin filogin. Idan ba a jona komai ba, wayar tana ɗauke da bolt 12. Da an jona mota sai ya sauka zuwa 9, idan motar ta shirya karɓar wuta ya koma 6. Ta wannan wayar akwatin ke gaya wa motar iyakar amfiya nawa za ta ja. Duk inda maganar ta katse, caji ya tsaya. Sau da yawa abin da ake kira lalacewar caji daga nan yake fitowa: motar lafiyarta ƙalau, ƙin karɓa ta yi don ta ga abin da bai kwanta mata ba a wayoyin gidan.

Saurin caji lissafi ne mai sauƙi. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, wayar da ake jonawa a soket kuma yawanci amfiya 10 take ja, wato kilowat 2.3. Hyundai Kona ta lantarki, wadda aka fara haɗawa a Legas a 2020, batirinta na ɗaukar yunit 64, irin yunit ɗin da ake saya a mita. A soket za ta yi kusan awa 30 kafin ta cika daga ƙasa. Akwatin bango mai amfiya 32 yana ba da kilowat 7 da ɗoriya, ya cika ta cikin kamar awa goma. Sai dai ba kullum ake cikawa daga ƙasa ba. Mai yin kilomita 40 a rana yunit shida ko bakwai yake buƙata, awa uku a soket sun ishe shi.

Hatsarin soket zafi ne. An rubuta masa amfiya 13, amma dutsen guga da hita na ja ne su huta, mota kuwa tana ja awa bayan awa ba numfasawa. Soket mai sako-sako, ko wanda aka ja masa siririyar waya don rage kuɗi, sai ya yi zafi, robarsa ta yi baƙi. Wasu filogai na da abin auna zafi a ciki, su rage gudu ko su yanke. Ƙarin waya na kasuwa mai ramuka huɗu bai da wuri a wannan aiki ko kaɗan. Akwatin bango kuma yana son layinsa shi kaɗai tun daga allon bireka, da waya mai kaurin murabba'in milimita 6 ko fiye, da birekar da ke yanke wuta idan yoyo ya kai miliamfiya 30.

Idan an jona mota fitilar akwatin ta yi ja nan take, abin da za a fara zargi shi ne wayar ƙasa. Gidaje da yawa an yi musu soket mai rami uku, amma ramin na uku bai haɗu da komai ba, ko kuma sandar tagullar da aka binne ta zauna cikin busasshiyar ƙasa tun shigowar rani. Firji da talabijin ba su damu ba, shi ya sa maigida kan rantse wutarsa ba ta da laifi. Akwatin caji yana gwadawa, in bai samu ba ya ƙi. Haka yake yi wa ƙananan janareta da wasu inbata na sola, domin layinsu na dawowa ba a ɗaure yake da ƙasa ba. Gyaran wannan na ƙwararren mai aikin wuta ne. Akwai masu sayar da wayar caji da aka kashe mata wannan gwaji, kuma a ganina wanda ya saya ya cire mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Idan caji ya fara sai ya riƙa yankewa, musamman da magariba lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, ƙarfin wuta ne ya faɗi. Motoci da dama suna ba da damar rage amfiya daga allon direba, kuma saukarwa zuwa 8 ko 6 kan sa cajin ya zauna. In bireka ce ke faɗuwa, a duba ko akwai esi ko famfon ruwa a kan layin ɗaya.

Akwai kuma lokacin da komai ya yi tsit, ba ja ba kore. A duba ko an sa wa motar lokacin fara caji, domin motocin da aka yi amfani da su a waje sukan zo da tsarin jiran tsakar dare, agogonsu ma na can ne. A duba ƙaramin batir mai bolt 12 wanda ke tayar da kwamfutar motar. In ya mutu, babban batir ba zai buɗe ba. A leƙa bakin filogi ko ƙurar hunturu ta toshe ƙananan ramukan.

Asalin mota ma yana da ruwa a ciki. Ta Turai na da baki mai rami bakwai da ake kira Type 2, yawancin na Amurka mai rami biyar, na Sin kuwa GB/T, wanda ya yi kama da na Turai a ido amma ba sa shiga juna sai da mahaɗi. Wayar da ta zo da motar Amurka kuma wata bolt 120 kaɗai take ɗauka, a karanta jikinta kafin a jona ta a 230.

Filogin da ya ƙi fita ba a fizgarsa. Motar ce ta kulle shi, buɗe ƙofofi da rimot kan sake shi, in ya ƙi akwai igiyar gaggawa a but ko ƙarƙashin bonet, littafin motar na nuna wurinta. Wayoyi masu launin lemo da ke cikin motar na ɗauke da bolt kusan 400 ko fiye, ba a taɓa su a gida.