Kiwon Kaji Da Hunturu

A garinmu Hunkuyi, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da kaji suna tono a tsakar gida ba. Galibi na mata ne. Da kuɗin kajin Innata ake biya mini kuɗin mota in dawo makaranta, da su kuma ake saya mini sabulu da garin kwaki. Saboda haka idan wani abu ya sami akurkinta, ni ma ya same ni.

Hunturu yakan kama daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Iska ce busasshiya mai tasowa daga hamadar Sahara, tana tafe da hazo da sanyin dare. Lokacin nan ne kaji suka fi mutuwa, har mutane sun ɗauka sanyi ne ke kashe su duka. Ni ma haka na ɗauka, sai da malaminmu na aikin gona ya rarrabe mana abin. Ashe maƙiyan biyu ne.

Babbar kaza ba ta cika damuwa da sanyi ba, don zafin jikinta ya kai digiri 41, ya fi na mutum, ga kuma gashi. 'Yan tsaki su ne abin tausayi. Bayan kwancin kwana 21 sukan fito da ɗan gashi mai laushi wanda ba ya riƙe ɗumi, a makon farko kuwa suna bukatar zafi wajen digiri 32 zuwa 35. Shi ya sa suke shigewa ƙarƙashin uwa. Idan uwar ta ja su yawo da asuba cikin iska, sai ka ga wasu sun taƙure, kafin azahar sun mutu. Maganin wannan ba wuya. A tsare su a akurki sai rana ta ɗaga, a shimfiɗa musu ƙaiƙayi busasshe, a kare gefen gabas da arewa da zana ko buhu, don ta nan iskar ke bugowa. Amma kada a toshe ko'ina, gama warin kashinsu yakan shaƙe su. Masu sa kaskon garwashi kuwa su yi hattara da hayaƙi da gobara, ko da yake Inna ba ta yarda da kaskon ba sam.

Maƙiyi na biyu shi ne wanda ya yi mana ɓarna, kuma ni na kawo shi da hannuna. Da hutun Disamba na bara na sayi wani jan zakara a kasuwar Maƙarfi, da arha ƙwarai, na zo na sake shi cikin kajinmu ina ta murna. Kwana biyar ba su cika ba sai ya fara gyangyaɗi, fukafukai a sake. Sa'an nan sauran suka kama: zawo kore, numfashi da kyar, wata ma wuyanta ya murɗe tana ta juyi wuri ɗaya. Inna ta jiƙa ɓawon maɗaci da barkono ta ba su, a banza. Cikin kaji goma sha huɗu, uku suka rage. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, mai sayar da kaza da arha a hunturu ya san abin da ya gani." Na fi son da ta doke ni.

Wannan ciwo ana kiransa Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gano shi a 1926, shekarar da ya ɓulla kuma a tsibirin Jaba na Indunusiya. Ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani, tana bin kashi da majina da ruwan sha, har da takalman mutane. Da hunturu kaji sukan yi ta zirga-zirga tsakanin kasuwanni saboda bukukuwan ƙarshen shekara, wanda kuma ya ga nasa sun fara layi sai ya yi maza ya kai kasuwa. Idan ta kama, ba ta da magani. Kafso da ake buɗewa a zuba cikin ruwa ba ya taɓa ta.

Riga-kafi ne kaɗai. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin sa, akwai ma wani iri mai jure zafi da aka yi domin kajin ƙauye. Ɗigo ɗaya ake sawa a idon kowace kaza, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. A ganina watan Oktoba ya fi dacewa a fara, tun iska ba ta juyo ba. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida guda, sai a haɗa da maƙwabta, a nemi malamin dabbobi. Baƙuwar kaza kuwa a ware ta mako biyu, wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa bayan gida kare ya ja.

Bana gidaje shida muka haɗu muka yi. Cikin ukun nan da suka tsira, wake-waken ta ƙyanƙyashe tara, kuma Inna ta aiko mini cewa takwas suna nan.