An Gama Aiki, Saura Jinya

In an fito da ɗan'uwanku daga ɗakin tiyata da ransa, kukan yi godiya, dangi su fara kama hanyar gida. Kada ku yi saurin watsewa.

A shekara ta 2016 likitoci sun bi sawun mutum 11,422 da aka yi wa aiki a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25. Farfesa Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ne ya jagoranci binciken. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ya gamu da matsala, kuma wadda ta fi yawa ita ce shigar ƙwayoyin cuta, wato mutum ɗaya cikin goma. Mutum 239 sun rasu. Abin lura shi ne, fiye da tara cikin goma na waɗannan ba ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. Jiki yakan fara nuna alama, amma ma'aikata kaɗan ne, gadaje da yawa, kafin a ankara abu ya yi nisa. Shi ya sa idon mai jinya yake da amfani ƙwarai.

Mu ma ma'aikata bincike bai bar mu ba. An gwada wata dabara a ƙasashe bakwai, har da Najeriya, Gana da Benin: kafin a rufe ciki, a sake safar hannu da kayan aiki. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna mikin da ke ruɓa ya ragu daga kusan 19 cikin 100 zuwa 16.

To, ga naku rabon. Kafin aiki, a yi wanka da sabulu, kowane iri ya isa. Kada a aske wurin da reza ko aska, a gida ko wajen wanzami. Reza tana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, nan ƙwayoyin cuta suke samun ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana wannan aski a ƙa'idojinta na 2016.

Bayan an sallame ku, miki yana iya ruɓa har kwana 30, sau da yawa sai an koma ƙauye yake bayyana. Ku wanke hannu kafin ku taɓa bandeji. Toka, man shanu, garin magani, ko ɗaya kada ya hau wurin ɗinki. Ke da kika haihu ta hanyar aiki, ki tambayi ungozoma kafin ki fara wankan jego, ko da uwar miji ta ɗora tukunya. Kafso na kasuwa kuwa ɓarnar kuɗi ne, ga shi yawan shansa ba bisa ƙa'ida ba yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Zafin miki ya kamata ya riƙa raguwa kullum. In yana ƙaruwa, ko wurin ya kumbura ya ɗauki zafi, ko mugunya da wari suna fita, ko ɗinki ya buɗe, ku dawo ran nan. In akwai zazzaɓi da rawar ɗari, numfashi sama-sama, kumburin ciki da amai, ƙarancin fitsari, ko mai ciwo ya fara sambatu, kada ku jira gari ya waye, balle motar ran kasuwa. Ku zo da katin asibiti da duk maganin da ya sha.