Kafin Ku Loda Tanti A Mota: Yawon Hamadar Amurka A Lokacin Kaka

Ka san irin bidiyon nan da ke yawo a TikTok da Instagram. Mota ta tsaya a gefen wani titi da ya miƙe ɗoɗar har ƙarshen gani, jajayen duwatsu hagu da dama, wasu matasa sun kafa tanti suna kurɓar shayi, taurari sun cika sama kamar an watsa gero. Daƙiƙa talatin ne kacal, da ɗan kiɗa a ƙasa. Kai kuma kana kwance a ɗakinka na makaranta a Ohio ko Minnesota, karatu ya ishe ka, sai ka tura wa 'yan guruf: "Jama'a, hutun Oktoba fa?" Kafin isha'i mutum huɗu sun ce da su za a je.

Ba zan hana ku ba, ku je. 'Yar uwa, ke ma da ke nake. Wanda kuma yake Kano ko Maraɗi yana kallon hotunan yana cewa wata rana, shi ma ya karanta ya ajiye. Sai dai akwai abubuwan da daƙiƙa talatin ɗin nan ba ta nuna muku ba, kuma wasu daga cikinsu sun taɓa cin rayuka.

Mu 'yan Arewa muna da ɗan alfahari idan ana maganar zafi. Wanda ya yi azumi a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri gani yake babu ranar da za ta ba shi tsoro. To, zafin ka sani, gaskiya ne. Abin da ba ka sani ba shi ne hanyar da babu kowa a kanta. A gida, duk inda mota ta mutu, ba za a jima ba za ka ga mai faci, ko yaro da jarkar fetur, ko ɗan acaɓa da zai ɗauko maka bakanike. A jihar Utah akwai wani yanki na babbar hanya mai lamba 70, tsakanin garin Salina da Green River, kusan kilomita 170 babu gidan mai ko ɗaya. Kwatanta ka tashi daga Kano har Katsina ba ka ga inda za ka sayi ko ruwan leda ba. Kuma wannan babbar hanya ce ta ƙasa, ba ta ƙauye ba.

Abu na farko da za ku zauna ku warware shi ne kwanan wata, domin kaka a hamadar kudu maso yammacin Amurka ba yanayi ɗaya ba ne. Tsayin ƙasa ne ke raba ta. Ɗauki Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, a jihar Kalifoniya. Wurin da ake kira Badwater a cikinsa yana ƙasa da matakin teku da mita 86, babu inda ya kai shi zurfi a duk Arewacin Amurka. A can ne, a Furnace Creek, aka auna zafin digiri 56.7 a ranar 10 ga Yuli, 1913. A watan Satumba har yanzu rana kan wuce digiri 40, a Oktoba ta sauko wajen 34, sai Nuwamba take zama abin da ɗan Adam zai ji daɗin yawo a ciki. Yanzu kuma ɗauki Bryce Canyon a Utah, inda dogayen duwatsun nan masu kama da rumbunan da aka jera suke. Bakin kwarin ya haura mita 2,400 sama da teku. A Oktoban da kake zufa a Kwarin Mutuwa, a Bryce ruwan da ka bari a kofi kan daskare kafin asuba, wani lokaci har dusar ƙanƙara ta zuba.

Saboda haka ƙa'idar mai sauƙi ce: a fara da tudu, a ƙare da kwari. Idan ɗan gajeren hutun Oktoba ne da ku, kwana huɗu ko biyar, ku sauka Las Vegas, ku ɗauki motar haya, ku nufi Zion, tafiyar da ba ta kai awa uku ba, daga nan Bryce kamar awa biyu. Ya isa haka. Idan kuwa hutun ƙarshen Nuwamba ne, wanda Amurkawa ke yin bikin godiya, ku manta da tuddan Utah, ku yi Kwarin Mutuwa da Joshua Tree. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne cusa gandu bakwai a mako guda don a samu hoto a gaban allon kowanne. Ƙarshenta a mota za ku yi hutun, kuna isa masauki cikin duhu kuna kafa tanti da tocilar waya, kowa na jin haushin kowa. A tuna kuma, ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma.

Masu kwana takwas ko tara za su iya zarcewa Moab, garin da ke tsakanin Arches da Canyonlands. Ni dai da za a tambaye ni, ta hanya mai lamba 12 zan bi, in ratsa Capitol Reef, inda tsofaffin lambunan da mazaunan farko 'yan ɗarikar Mormon suka dasa suke nan har yau, kuma ana barin baƙi su tsinki tuffa idan ta nuna, su biya kuɗin wadda za su tafi da ita. Kaka sosai ke nan, irin wadda muka sani.

Wurin kwana shi ne inda shiri ke fara rushewa. Ba a kafa tanti inda aka ga dama a cikin waɗannan gandaye. Akwai filayen da aka ware, yawancinsu ta shafin Recreation.gov ake kama su, kuma sanannun, irin Watchman a Zion da Devils Garden a Arches, tun saura wata shida ake buɗe su. Na Oktoba a Afrilu ake wawashe su. Idan kun makara, ku riƙa leƙa shafin, mutane na fasawa. Akwai kuma filayen gwamnatin tarayya da ke kewaye da gandayen, ƙarƙashin hukumar da ake kira BLM, inda a wurare da yawa za ka iya kwana kyauta har kwana 14. Kyauta ɗin dai ita ce: babu famfo, babu banɗaki, babu mai gadi, kuma duk sharar da ka yi da ita za ka fita.

Kuɗin shiga gandu ɗaya yawanci dala 30 zuwa 35 ne kowace mota, na mako guda. Idan za ku shiga uku ko fiye, katin shekara ya fi sauƙi, kati ɗaya ya ishi duk 'yan motar, sai ku yi karo-karo. Mazauna Amurka dala 80 suke biya. Daga farkon 2026 an ware wa baƙin da ba mazauna ba nasu farashin mai tsada sosai, don haka mai bizar karatu ya duba shafin hukumar gandayen ya ga ajin da ya faɗa kafin ya zaro kati. Katin kuma na shiga ne kawai, kuɗin filin kwana daban.

Ga wani abu da bai shafi yanayi ba amma ya shafi kaka. Shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka ranar 1 ga Oktoba take farawa, kuma idan majalisa ba ta amince da kasafi ba, ma'aikatu kan tsaya. A 2013 an rufe gandayen kwana 16. A rikicin ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 an bar Joshua Tree a buɗe ba isassun ma'aikata, banɗakuna suka cika, wasu marasa tarbiyya suka sassare itatuwa. A 2025 ma an sake, tun daga 1 ga Oktoba har cikin Nuwamba. Ku riƙa sauraron labarai daga tsakiyar Satumba.

Yanzu ruwa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Hukumar gandayen na cewa kowane mutum ya tanadi aƙalla lita huɗu a rana, na sha kawai. Ku huɗu, kwana uku, lita 48 ke nan, jarka biyu manya. Ba a sa na girki ba, ba a sa na wanke kwano ba, ba a sa na alwala ba. A tsakiyar Joshua Tree, filayen da suka fi kyau a hoto, irin Jumbo Rocks da Hidden Valley, babu ko ɗigon ruwa, sai a bakin gandun ake samu. Iskar wurin busasshiya ce kamar ta hunturu, zufa na bushewa tun ba ka gan ta ba, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba har kai ya fara sarawa. Ka sha tun ba ka ji ƙishi ba, ka ci abu mai gishiri. Idan kuna tafiyar ƙafa ruwan gorarku ya kai rabi, ku juyo, ko da dutsen da kuke nema yana gabanku kuna hangensa.

Abin mamaki, ruwan da ya yi yawa ma yana kisa a can. Ƙasar ba ta shan ruwa, idan aka yi sama a kan tudu mai nisa, duk ya tattaro ya bi ta matsattsun kwazazzabai, kai kuwa samanka garau. A Satumban 2015 mutum bakwai suka rasu a kwazazzabon Keyhole da ke Zion ta wannan hanya. A Agustan 2023 ragowar guguwar Hilary ta zubar wa Kwarin Mutuwa ruwan shekara guda a yini ɗaya, ta yanke tituna, ba a sake buɗe gandun ba sai tsakiyar Oktoba. Don haka kafin ku shiga Narrows, inda ake tafiya cikin kogi tsakanin bangon dutse biyu, ku tambayi ma'aikata hasashen ranar. Kada kuma ku kafa tanti a busasshiyar ƙorama don yashinta ya yi laushi. Wannan ko a gida an sani.

Motar haya ma tana da nata. Wanda bai kai shekara 25 ba yawanci ana ƙara masa kuɗi kowace rana, kuma duk wanda zai taɓa sitiyari a sa sunansa a takarda. Mafi yawan yarjejeniyoyin sun hana sauka daga kwalta, idan ka sauka wani abu ya faru, inshora ba ruwanta. Na san akwai wanda zai ce sai an je Racetrack, busasshen tafkin nan da duwatsu ke tafiya da kansu suna barin sawu. Ba aljanu ba ne, a 2014 masu bincike suka nuna cewa siririyar ƙanƙara ce iska ke turawa tana tura duwatsun. Hanyar wurin ta fi kilomita 40 ta tsakuwa mai kaifi da ta shahara wajen fasa taya, kuma babu sabis. A Yulin 1996 wasu Jamusawa huɗu, biyu daga ciki yara, suka shiga wata hanyar bayan gari a wannan gandun da ƙaramar motar haya. A Oktoba aka tsinci motar tayoyinta a fashe. Sai a 2009 aka fara gano ƙasusuwa. Ku sauke taswira a waya tun kuna gari, ku karɓi ta takarda da ake bayarwa a ƙofa, kuma idan manhaja ta ce ku karya ta wata 'yar hanyar ƙasa don rage minti ashirin, ku ƙi. Tanki ya kai rabi, ku cika. Mota ta lalace, ku zauna kusa da ita, ita ake fara gani daga nesa.

Maganar sallah. Mun saba cewa a fuskanci gabas, amma daga wannan yanki alƙibla arewa maso gabas take, ta ma fi karkata arewa. Ku duba tun da sabis, ku rubuta lokutan sallah a takarda, domin tsakanin Nevada da Utah akwai bambancin awa guda, jihar Arizona kuma ba ta canza agogo kamar maƙwabtanta, sai waya ta rikice ta rikita ku. Hukuncin ƙasaru da taimama kowa ya san malaminsa, a tambaya kafin a tashi. Naman halal a Las Vegas za ku saya ku zuba a kula da ƙanƙara, ƙananan garuruwan hanya ba lallai ku samu ba. Kada ku ce wa mai zuwa daga gida ya taho muku da kilishi, jami'an kwastan na ƙwace nama a filin jirgi, har tara suna ci idan ba a bayyana ba. Idan kun gangara kudu da Joshua Tree kuwa, kwarin Coachella cike yake da gonakin dabino, irin da aka kawo daga Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa, kuma kaka ce lokacin girbinsa.

Ga masu neman abin ɗorawa: an haramta tashin ɗan jirgin nan marar matuƙi a duk gandayen ƙasa tun 2014. Rubuta suna a jikin dutse laifi ne da ke kai mutum kotu, kuma mai biza ba ya son sunansa a kotu. Hawan Angels Landing a Zion, inda ake riƙe sarƙa ana bin siririn dutse, sai da izinin da ake samu ta ƙuri'a tun 2022. A Arches da Canyonlands za ku ga wata baƙar ƙasa mai ƙuraje a gefen hanya. Halittu ne masu rai da ke riƙe yashi, taku ɗaya na ɓata abin da ya ɗauki shekaru yana haɗuwa, ku bi inda aka shata.

Taurarin bidiyon kuwa gaskiya ne, amma ba kowane dare ba. Idan wata ya cika, haskensa na shafe su. Mu da muke ƙirga wata ba mu buƙatar manhaja a nan: ku sa tafiyar ta faɗo a kwanakin ƙarshe na watan Musulunci ko farkon sabo. Ku tafi da jakar barci mai kauri da hula da safa, domin da rana ta faɗi sanyi ke saukowa, ko a inda aka yini ana zufa. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa, kunamar can ma ba ta da mutunci.

Kafin sabis ya ɗauke, ku tura wa mutum ɗaya da ba ya cikin tafiyar sunan filin da za ku kwana, lambar mota, da ranar da zai ji muryarku, ku kuma gaya masa wanda zai kira idan ranar ta wuce shiru. Hajiya a gida ita ma a faɗa mata za a yi kwana biyu waya ba ta shiga, kada ta tayar da dangi cikin dare.