Goma sha biyar: lambar da ke ɓoye cikin hatimi

Gaisuwa ta musamman ga manoman rani na bakin madatsar ruwa ta Watari a ƙaramar hukumar Bagwai, waɗanda na san rediyo na rataye a kafaɗarsu suna ban ruwa. Yau lamba ɗaya tak za mu tasa a gaba: goma sha biyar.

A taƙaice, 15 wutiri ce, ba ta rabuwa gida biyu. Uku sau biyar ke nan, kuma ban da ita kanta, 1 da 3 da 5 ne kawai ke raba ta ba saura. Malam manomi, jera albasa biyar a ƙasa, huɗu a gabansu, sai uku, biyu, ɗaya. Ka ga ta tsaya da kusurwa uku? Ƙirga, 15 ce cif.

Amma abin da ya ja hankalina shi ne hatimi mai gida tara, irin wanda malamai ke zanawa a allo. Ku samo tsinke ku zana a ƙasa. Layin farko 4, 9, 2. Na biyu 3, 5, 7. Na uku 8, 1, 6. Na maimaita: 4, 9, 2, 3, 5, 7, 8, 1, 6. To, ku tara ta kwance, ku tara ta tsaye, ku tara daga kusurwa zuwa kusurwa. Ko'ina 15.

Sihiri ne? A'a. Daga 1 zuwa 9 jimillarsu 45, a raba wa layi uku, kowa ya tashi da 15. Biyar kuwa dole ta zauna a tsakiya; ku gusar da ita ku gani, lissafin zai watse. Duk yadda aka juya shi, tsari ɗaya ne mai fuska takwas.

A lissafin abajada, inda kowane harafi ke da lambarsa, haruffan sunan Adamu da Larabci suna ba da 45, na Hawwa'u kuma 15. Masu ilimin hisabi sun daɗe suna jinjina wannan. Ni dai a wurina dacewa ce, amma dacewa mai daɗi.

Kuma fa namu ya yi fice a fagen nan. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, mutumin ƙasar Katsina, ya tafi aikin hajji, a wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hanyoyin gina hatimi mai layuka wutiri. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira, Abdurrahman al-Jabarti. Ku duba fa, Bakatsine na koyar da lissafi a Misira, yau kusan shekara 300, amma ɗalibanmu nawa ne suka taɓa jin sunansa a aji?

To, lokaci ya ƙure mana. Hatimi mai gida 16 jimillar kowane layinsa 34, kuma tsarinsa har 880. Mai gida 25 kuwa jimillar kowane layinsa 65. 'Yan makaranta, ku gwada wannan na ƙarshen, ku ajiye 13 a tsakiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.