Injin Huda Mai Mayen Ƙarfe: Idan Moto Ya Ƙi Tashi, Kada A Yi Masa Dairek

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake ɗaga rumfar gidan mai, ko hasumiyar tankin ruwa, ko rufin babban sito a Kano ko Kaduna, ya yiwu ya ga wani inji da ake mannawa a jikin ƙarfe ya tsaya da kansa yana huda. Gindinsa mayen ƙarfe ne mai aiki da lantarki, samansa kuma moto ne da ke juya bakin huda. Ƙananan cikinsu nauyinsu bai fi kilo goma zuwa sha biyar ba, amma a kan ƙarfe mai kaurin milimita 25 riƙonsu na iya kaiwa kusan tan guda.

Ƙorafin da masu walda suka fi yi a kansa guda ne: gindi ya kama, fitila ta kawo, an danna koren makunni, moto shiru.

Abin da da yawa ba su sani ba, wannan shirun sau da dama da gangan ne. Masu ƙera injin sun haɗa wayoyinsa ta yadda moto ba zai samu wuta ba sai an fara kunna mayen ƙarfen. A wasu samfuran ma an ƙara 'yar na'ura a gindi mai tantance ƙarfin riƙo. In ta ga riƙon bai kai ba, sai ta hana moto tashi. Dalilin a fili yake. Bakin huda mai faɗi idan ya cije a cikin ƙarfe, ƙarfin juyin yakan koma kan injin, kuma in gindi bai kafu ba, injin ne zai juya ya bugi hannu ko ya faɗo kan na ƙasa.

Saboda haka bincike ba daga cikin inji yake farawa ba, daga ƙarfen da aka ɗora shi ne. Galibin littattafan da ke zuwa da injin suna neman kaurin da bai gaza milimita goma ba, ko kusa da haka. Ƙarfe siriri ba ya ba maye abin kamawa sosai, kuma dabarar masu sana'a ita ce a ɗaure wani faifan ƙarfe mai kauri a bayansa. Tsatsa, fenti mai kauri, tudun walda da ɓurɓushin ƙarfen da ya manne a gindi duk suna buɗe 'yar tazara, tazarar kuwa ko ba ta kai a gani da ido ba tana rage riƙo. Alminiyon da yawancin ƙarfen nan da ba ya tsatsa kuwa, maye ba ya kama su sam. Gwaji mafi sauƙi: a goge gindin, a ɗora injin a kan faifai mai kauri, mai tsafta, shimfiɗaɗɗe, a sake dannawa. In ya tashi a nan, lafiyarsa lau.

Sai batun wuta, wanda a nan ƙasar ya fi ko'ina rikici. Wutar gida a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce. Amma injinan hannu na biyu da ke shigowa daga Ingila, da yawansu na wuraren gini ne, inda ake aiki da bolt 110, kuma ana gane su da filogi mai ruwan ɗorawa. Na Amurka kuma 120 ne. Wanda ya yanke filogin ya cusa waya kai tsaye a soket ɗinmu, ya ƙona allon lantarkin injin ko kwayil ɗinsa cikin ƙiftawar ido. Irin wannan sai da tiransifoma. Kafin a biya kuɗi a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, a karanta ɗan farantin da ke jikin injin.

Ƙaramin janareto da doguwar waya siririya su ma suna kawo wuta mai rauni, maye ya kama sama-sama, moton da ke cin wat dubu da wani abu kuma ya kasa. Mafi muni shi ne raba janareto ɗaya da injin walda, ko yin walda a jikin ƙarfen da injin ke manne da shi. Masu ƙera injin huda sun yi gargaɗi a kan wannan, don wutar walda na lalata kayan lantarkin cikinsa. Akwai kuma wani hali da ke ruɗa sababbin hannu: in an ɗauke wuta aka dawo da ita, moto ba ya tashi da kansa, sai an sake dannawa, a wasu samfuran ma sai an kashe maye an sake kunnawa. Wannan ma tsaro ne.

Idan ƙarfe da wuta duk sun fita daga zargi, sannan a zare filogi, a fara duba ciki. Fis ne na farko, kuma a maye gurbinsa da mai lamba iri ɗaya, ba silin wayar tagulla ba. Na biyu gawayin moto, wanda masu gyara ke kira kabon ko burushi. Yana cinyewa da aiki, wasu kuma an yi su ne su yanke wuta da kansu idan sun kai ƙarshe don kada su ci amecha. Ana canza su biyu tare. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, wayar da ta taso daga gindi zuwa moto: kullum tana lanƙwasa yayin da kan injin ke hawa da sauka, har ta tsinke daga ciki alhali robarta ba ta nuna komai. Alamarta ita ce moto ya tashi a wani tsayi, ya mutu a wani. Mitar gwada wuta za ta tabbatar da haka cikin minti biyu. Makunnin da ƙurar ƙarfe ko ruwan sanyaya bakin huda ya shiga shi ma yakan daina aiki, haka moton da ya yi zafi yakan yanke sai ya huce.

Warin ƙuna, baƙi a jikin allo, ko amecha da ta yi baƙi ƙirin, wannan ya wuce gyaran bakin aiki, sai ƙwararren mai gyaran kayan lantarki.

A daidai nan ne ake yawan jin shawarar nan: a tsallake allon, a ba moto wuta dairek, aiki ya ci gaba. Zai tashi kuwa. Amma daga ranar, moto zai iya juyawa ko maye bai kama ba, zai kuma tashi da kansa duk lokacin da aka dawo da wuta, ko da hannun yaron shago na kan bakin huda. Kuɗin sabon allo bai kai kuɗin ɗorin karaya ba, balle ran mutum.

Masu shaguna da 'yan kwangila su hana wannan haɗin a wurarensu, su kuma tilasta ɗaure injin da sarƙa ko bel ɗin da yake zuwa da shi duk lokacin da ake huda a tsaye ko a sama da kai, domin da zarar wuta ta ɗauke, mayen ya saki.